Gudun tara wa masu cutar MS kuɗi: daga ina kuɗin zai fito?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ɗan kasuwa ne a Kantin Kwari, ina sayar da atamfa da shadda. Ƙanwata mai shekara 29 ta yi kusan shekara biyu tana fama da mutuwar ƙafa da dishi-dishin ido. Wasu suka ce iska ce, wasu suka ce sammu, sai da aka yi mata hoton MRI likita ya ce cutar MS ce, wato multiple sclerosis, mai taɓa jijiyoyin ƙwaƙwalwa da laka. Na ga a ƙasashen waje ana shirya gudu a tara wa masu wannan cuta kuɗi. Ina so in shirya irinsa a Kano ranar 30 ga Mayu, na kilomita 10. Zan ciri naira miliyan 2 daga jarina in buga riguna in yi sauran hidima, in sayar da tikiti, kuɗin su riƙa shiga asusun shagona. Nawa ya kamata in sa kuɗin tikiti, kuma abin zai fitar da ni?

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Allah ya ba ƙanwarka lafiya, ya sa kaffara ne, kai kuma ya saka maka da alheri bisa wannan zumunci. Niyyarka mai kyau ce, kuma ina so ta tabbata, shi ya sa ba zan ɓoye maka komai ba: in ka bi tsarin nan yadda ka rubuto shi, za ka iya cinye jarinka ba tare da marasa lafiya sun ga abin kirki ba, ka kuma jawo wa sunanka zargi a kasuwa.

Mu fara da tikitin, tunda shi ka tambaya. Ɗauki biro. A ce mutum 300 suka yi rajista a kan naira 5,000, ka tara 1,500,000 ke nan. A ce kowace riga da bugun tambari ta tsaya maka 3,500, riguna kaɗai sun ci 1,050,000. Ruwan sha, lasifika, rumfuna da kujeru, motar ɗaukar marasa lafiya da ma'aikatanta, ɗan abin da za a ba masu tsaro, buga takardu, a ce duka 600,000. Ka kashe 1,650,000, ka faɗi da 150,000, ga shi ko allura ɗaya ba a saya wa kowa ba. Lambobin nan na misali ne, ka je ka jiyo farashi da kanka, amma duk yadda ka juya lissafin kusan nan zai dawo. In ka ɗaga tikitin mutane su ragu, in ka sauke shi riga ta cinye.

Waɗanda ka gani a ƙasashen waje ma ba da tikiti suke tara kuɗinsu ba. Gudun yada-ƙanin-wani na birnin Landan, wanda aka fara a 1981, ya tara wa ƙungiyoyin jinƙai sama da fam biliyan ɗaya, kuma hanyar ita ce kowane mai gudu ya koma wurin danginsa da abokansa da abokan aikinsa ya ce zan yi gudu saboda cuta kaza, ku tallafa. Ƙungiyoyi da yawa ba sa ba mutum gurbi sai ya yi alkawarin kawo wani adadi, sau da yawa fam 2,000 ko fiye. Wato kowane mai gudu dillali ne na gidauniyar. Mu ma mun san irin wannan a ajo: taron dalili ne na haɗuwa, abin da ke cika faranti kuwa mutunci ne da sanayya.

Sake lissafin a kan haka. Mutum 300 ɗin nan, kowa a ba shi kati mai lamba, ya nemo mutum 10 da za su ba da 2,000 kowannensu. In kowa ya cika, naira miliyan 6 ce. Ni da na san halin alkawari, rabi nake sawa a takarda, miliyan 3, kuma ko ita ta ninka duk kuɗin tikitin. A Kwari kana da abin da masu shirya irin wannan taro ke nema ido rufe: layuka cike da mutanen da suka san ka, ga abokan ciniki daga Nijar da Chadi da Kamaru da ke shigowa sari. Saboda haka tikitin ka bar shi da sauƙi, daga 1,000 zuwa 2,000, don yaran shago da ɗalibai su iya shiga. Riga kuma ta zama ta wanda ya cika katinsa.

Hidimar taron kuma masu tallafi ne ya kamata su ɗauke ta, tun kafin ranar. Ƙa'idar da nake ba kowa ita ce kada a sanar da rana sai an ga wanda zai biya kowane layi na kasafin. Ka fi neman kaya a kan tsabar kuɗi, don ya fi sauƙin samu. Kamfanin ruwa ya ba da ruwa, kamfanin da kake sarin atamfarsa ya ɗauki nauyin riguna a buga sunansa a baya, asibitin kuɗi ya ba da mota da ma'aikatan jinya, gidan rediyo ya ba da sanarwa, bankin da kake ajiya a ciki ya ɗauki rumfuna. Ka rubuta musu takarda shafi ɗaya: ga ranar, ga yawan mutanen da ake sa ran zuwansu, ga inda sunanku zai fito, ga wanda zai riƙe kuɗin. Kamfanoni suna da tsarin amincewa da ke cin makonni, don haka ka ba kanka wata huɗu zuwa shida. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Miliyan biyunka fa? Kada ka taɓa uwar kuɗi. Ƙanwarka za ta daɗe tana buƙatarka, domin wannan cuta ce ta zama da ita, kuma shagon nan shi ne gatanta na gaskiya. Ka duba ribarka ta wata uku da suka wuce, ka yanke abin da za ka iya bayarwa sadaka ba tare da ka kasa sarin kayan Sallah ba, ka ba da shi a matsayin gudummawa, a rubuta maka rasit kamar kowa. In dole sai an ba da kafin alƙalami kafin kuɗin masu tallafi su iso, ka ranta wa gidauniyar a rubuce, da shaidu, da ranar biya.

Yanzu ga abin da ya fi damuna a wasiƙarka, asusun shago. Wannan kam a'a. Ranar da kuɗin jama'a suka gauraya da cinikin shadda, ko kai kanka ba za ka iya rantsuwa a kan wace naira ce ta wa ba. Na taɓa duba lissafin wani taron gidauniya da mutumin kirki ya shirya, bai ci ko sisi ba, amma da yake ta asusunsa kuɗin suka bi, ya shekara yana wanke kansa a majalisu. Hanya mafi sauƙi a shekarar farko ita ce ka haɗa kai da wata gidauniya mai rajista wadda ka yarda da ita, ko ƙungiyar 'yan kasuwarku, a buɗe asusu na musamman da mutum uku, kuɗi ba ya fita sai biyu sun sa hannu, kuma kada dukansu su zama 'yan gidanku. In kana son abin ya ɗore, sai ku yi rajistar amintattu a hukumar rajistar kamfanoni da ƙungiyoyi ta CAC a ƙarƙashin dokar kamfanoni ta 2020. Ana buga sanarwa a jaridu a jira kwana 28 ko akwai mai ƙorafi, sannan banki zai nemi takardar SCUML, sashen hukumar EFCC da ke sa ido kan irin waɗannan ƙungiyoyi. Duk wannan yana cin lokaci da kuɗin lauya, shi ya sa na ce ka fara a inuwar wasu. A ranar taron a sa na'urar POS da ke zuba kai tsaye cikin asusun gidauniyar, tsabar kuɗi kuma a ƙirga a gaban shaidu kafin kowa ya tashi.

Akwai tambayar da ba ka yi ba, alhali ita ce gaba da komai: kuɗin na wa ne? In na ƙanwarka ne, ka faɗa a fili, babu kunya a ciki, kuma ba ka buƙatar gudu, zama ɗaya da dangi da manyan layinku zai fi kawo kuɗi ba tare da kashe ko kwabo ba. In kuwa ka ce na masu cutar MS ne, to amana ta hau kanka, ƙanwarka ta zama ɗaya daga cikin masu nema, kuma ba kai za ka yanke rabonta ba. Ka je wurin likitan ƙwaƙwalwa da jijiyoyi da ke duba ta, ko sashen da ke kula da irin wannan a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, ka tambaya me ya fi hana marasa lafiyarsu samun kulawa: kuɗin hoton MRI ne, ko magani, ko gashin ƙashi, ko kuɗin mota daga ƙauye. A 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa magungunan MS uku cikin jerin magungunan da ta ce wajibi ne a samar, ciki har da rituximab, wanda akan yi ƙarinsa ta jijiya kusan duk wata shida. Ka samo farashin irin waɗannan daga bakin likita, sai ka gina burinka a kai. "Muna neman kuɗin hoton mutum 20 da maganin mutum 5 na shekara guda" ya fi buɗe aljihu a kan "muna tara kuɗi don yaƙi da cuta". Kuɗin kuma a biya asibiti ko kantin magani kai tsaye da sunan majinyaci. Wasu za su ce zakkarsu za su ba ka. Zakka tana da mutanenta takwas da aka ambata a Suratut Tauba, aya ta 60, don haka ka ware ta daban, ka tambayi malami, kada ta shiga kuɗin rumfa da lasifika.

Sai ranar. Gaskiya ne 30 ga Mayu ita ce ranar cutar MS ta duniya, amma ka san irin zafin da ake yi a Kano a watan Mayu. A wannan cuta garkuwar jiki ce ke cin rigar da ta lulluɓe jijiyoyin ƙwaƙwalwa da laka, kamar wayar lantarki da robarta ta zazzage, kuma zafi yana ƙara tsananta alamominta na ɗan lokaci, gani ya ƙara dushewa, ƙafa ta ƙara nauyi. Mutanen da kake yi domin su ba za su iya tsayuwa a filin ba. Ka yi amfani da 30 ga Mayu wajen ƙaddamar da gidauniyar a rediyo tare da likita, gudun kuma a kai shi Disamba ko Janairu, da sassafe. Ka kauce wa azumi da makonnin cinikin Sallah, da Asabar ɗin ƙarshen wata da ake tsaftar muhalli.

Kilomita 10 a kan titi na nufin izinin 'yan sanda, da KAROTA mai kula da zirga-zirgar ababen hawa a Kano, da hukumar kiyaye haɗurra, da tare hanyoyi. A karon farko ka nemi fili mai katanga, kamar filin wasa na Sani Abacha da ke Ƙofar Mata, kusa da ku, ko filin sukuwa. Kilomita 5 ga matasa, tattaki na kilomita 2 ga kowa. Babban taron ƙungiyar MS ta Amurka da aka fara a 1988 ma tattaki ne. Wannan zai ba dattawan kasuwa damar shiga, su da ke da kuɗin, da kuma mata in an ware musu lokacinsu da masu kula da su, tunda cutar ta fi kama mata ninki biyu ko fiye. Kowa ya sa hannu a takardar cewa yana da lafiyar shiga, kuma kada a busa usur sai motar asibiti ta iso.

Ka kuma tambayi ƙanwarka kafin sunanta ko hotonta ya fita. Cutar ba a ɗaukarta, amma ka san bakin mutane, musamman a kan mace. In ta ce a'a, taron zai yiwu ba tare da labarinta ba. Ita kanta ƙungiyar Amurkan da na ambata wata mata ce, Sylvia Lawry, ta kafa ta a 1946 saboda ɗan'uwanta da ke fama da cutar, bayan ta buga 'yar sanarwa a jarida tana neman wanda ya taɓa warkewa, sai masu irin matsalarta suka yi ta rubuto mata. Kai ma ka sa ran haka. Ƙididdigar 2020 ta nuna mutum miliyan 2.8 ke da cutar a duniya, a nan kuwa ba a cika gano ta ba, don haka da zarar likita ya yi bayani a rediyo iyalai za su fito suna cewa alamomin 'yarsu ke nan. Ka tanadi lambar waya ta gidauniya da wanda zai riƙa amsa ta, ku kuma shirya da likitan inda za a tura su.

Cikin mako biyu bayan taron, ka fitar da lissafi a takarda ɗaya: abin da ya shigo, daga ina, abin da aka kashe, abin da ya rage, da inda zai je. A liƙa a ofishin ƙungiyar kasuwa, a tura wa duk wanda ya tallafa, bayan wata shida a sake fitar da na yadda aka kashe. Wannan makon dai aikinka biyu ne: ka ga likitan, ka kuma zauna da mutum biyun da za su riƙe asusun tare da kai. In ka samo farashin riguna da fili da mota, ka turo mini mu duba kasafin tare.