Me ya sa kuɗin tikiti ba ya riƙe jirgin ƙasa?

Ɗan'uwa, ka tambaya cewa tunda an riga an shimfiɗa layin dogo, an sayo jirage, fasinja kuma suna biyan tikiti, me ya sa gwamnatoci ba sa daina zuba kuɗi a kamfanonin jirgin ƙasa, ko kuwa sata ce kawai. Na daɗe ina aiki a sashen kula da layi, don haka zan amsa maka daga abin da na gani.

Sata da sakaci akwai su a wurare, ba na musu. Amma ko amintattu aka damƙa wa kamfanin, kuɗin nan sai ya fita. Mai babbar mota ba shi yake gyara kwalta ba, shi kuwa jirgin ƙasa hanyarsa a wuyansa take. Ko jirgi biyu ne ke wucewa a rana ko hamsin, dole a bi layin a duba, a share magudanan ruwa, a sare ciyawa, sigina ta kwana tana aiki, tasha ta samu ma'aikata. Mafi yawan ɗawainiyar ba ta raguwa don fasinja sun ragu. Kamar doki ne, saye sau ɗaya ake yi, harawa kuwa kullum.

Babban abokin gabar layi shi ne ruwa. Tsakuwar da kake gani a ƙarƙashin ƙarfe ba ado ba ce, ita ke rarraba nauyin jirgi, ita ke barin ruwa ya tsiyaye. A hankali nauyi yana niƙa ta, ƙura da laka su cike tsakaninta, sai ruwa ya riƙa kwanciya. Daga nan duk jirgin da ya wuce za ka ga laka na tsartuwa daga ƙasa, layin ya fara lotsawa. Sai an kawo injin da ke ɗaga layi yana danna tsakuwar, wani lokaci a kwashe ta gaba ɗaya a zuba sabuwa. Na taɓa ganin kwalbati da 'yan leburori kaɗan za su iya yashewa a yini guda, aka yi ta ɗage aikin saboda babu kuɗi a kasafi, har ruwa ya cinye gindin layin, jirage suka tsaya makonni. Har yau abin yana yi mini ciwo.

Shi kansa ƙarfen yana cinyewa, musamman a kwana, kuma yana tsagewa daga ciki inda ido ba ya kaiwa, sai da na'urar da ke aika sauti cikinsa ake gano tsagar. Ana goge samansa da inji kafin ƙananan tsagu su yi zurfi. Zafi mai tsanani yana iya lanƙwasa shi. Wuraren da layi ke rabuwa biyu kuwa sun fi ko'ina cin kuɗi, domin sassansu motsi suke yi.

Jiragen ma haka. Ƙafafunsu suna cinyewa sai an sake sassaƙa su a inji, birki yana ƙarewa, kan jirgi yana da lokacin da ake kwance shi gaba ɗaya. Ƙasar da ba ta ƙera kayan gyara da kuɗin waje take saye, tikitinta kuwa da kuɗin gida. Idan kayan ba su zo ba, sai a fara cire na wannan inji ana sa wa wancan, kafin a ankara rabin injunan sun zama gawa a bayan gareji. Ga albashi, fansho, dizal ko lantarki, ga bashin ginin.

Abin da ya fi damuna shi ne gyara ba ya da bikin buɗewa, don haka shi ake fara yankewa. Shekara ɗaya ko biyu babu wanda zai lura. Sannan injiniya ya sa dokar rage gudu a wuraren da suka lalace, tafiya ta yi tsawo, 'yan kasuwa su koma mota, kuɗin shiga ya ragu, a ƙara yanke gyara. Birtaniya ta ɗanɗana wannan. A watan Oktoba na 2000 ƙarfe mai tsaga ya farfashe a ƙarƙashin jirgi a Hatfield, mutum 4 suka rasu. Kamfanin Railtrack, mai kula da layin dogon ƙasar a lokacin, bai san wurare nawa ke da irin wannan tsagar ba, sai aka rage gudu a duk faɗin ƙasar. A 2001 kamfanin ya durƙushe, a 2002 wani sabon kamfani, Network Rail, ya karɓi layin. Jamus ma a 2024 sai da ta rufe layin Frankfurt zuwa Mannheim wata biyar don a sabunta shi.

Tikiti yana iya riƙe layi ne inda jama'a suka yi cincirindo, kamar layin Tokyo zuwa Osaka da aka buɗe a 1964, wanda ake tsayar da jiragensa kowane dare don masu gyara su shiga. Duk da haka tsohon kamfanin jirgin ƙasa na gwamnatin Japan bashin kusan yen (kuɗin Japan) tiriliyan 37 ya danne shi, aka raba shi a 1987, kuma ɓangaren tsibirin Hokkaido mai ƙarancin mutane har yanzu yana buƙatar tallafi. A Indiya dakon kaya, musamman kwal, shi ke toshe giɓin tikitin fasinja mai sauƙi. Tsarin da ya fi burge ni na Suwizalan ne: a 2014 jama'a suka kaɗa ƙuri'a aka kafa asusu na dindindin don layin dogo, kula da layin da ake da shi kuma shi ne a gaba kafin sabon gini.

Saboda haka idan rahoton shekara na wani kamfanin jirgi ya shigo hannunka, kada ka tsaya a kan riba ko asara. Duba kilomita nawa aka sabunta a shekarar, wurare nawa ke ƙarƙashin dokar rage gudu, injuna nawa ke aiki cikin waɗanda aka saya, da tan nawa na kaya aka ɗauka. Idan tallafin gwamnati ya ƙaru amma waɗannan alƙaluman ba su gyaru ba, to a nan zarginka na sata yake da wurin zama.