Lambar yabo ta tsawon rayuwa a harkar talla

Wani zai iya tambaya ko talla guda da ta yi fice ce ke sa a ba mutum lambar Lion of St. Mark, wato lambar yabo ta tsawon rayuwa a harkar talla. A'a. A Cannes Lions, bikin masu harkar talla da ake yi a ƙasar Faransa, alƙalai ne ke tantance tallace-tallacen da kamfanoni suka shigar gasa, amma lambar Lion of St. Mark, wadda aka fara bai wa John Hegarty, ɗan Birtaniya mai harkar talla, a 2011, ana duba aikin da mutum ya shafe shekaru yana yi ne. Dan Wieden, wanda ya ƙirƙiro wa Nike taken Just Do It a 1988, ya karɓe ta a 2012, kuma a ganina kamfanin da ya kafa da matasan da ya horar sun fi taken nauyi.