Me ya sa ake daidaita ɗakin gwaji a 18 V/m alhali gwajin na 10 V/m ne?

Ɗan'uwa, ka tambaya ko kuskure ne da aka daidaita ɗakin gwajinku a 18 V/m (volt a kowace mita, ma'aunin ƙarfin igiyar rediyo) alhali 10 V/m za a haska wa na'urar. Ba kuskure ba ne. A ƙa'idar IEC 61000-4-3, wadda ta tsara gwajin juriyar na'urori ga igiyar rediyo, wajen daidaitawa siginar tsura take fita, amma wajen gwaji ana ɗora mata AM (wato ƙarfinta ya riƙa hawa yana sauka) na kashi 80 cikin ɗari a 1 kHz, sai ƙololuwarta ta ninka sau 1.8. Dole ke nan a tabbatar amfilifaya, mai ƙara wa siginar ƙarfi, za ta kai can ba tare da ta shaƙe ba.

Inda aikin yake da wuya shi ne daidaiton ƙarfin igiyar a wurin da za a ajiye na'urar. Ana auna gurbi 16 a fili mai mita 1.5 kowane gefe, rabin mita tsakaninsu, babu na'urar a ɗakin, eriya a tsaye sannan a kwance. A kowane matakin mitar igiyar (frequency) daga 80 MHz, aƙalla gurbi 12 su faɗa tsakanin 0 da +6 dB, wato kada su gaza ƙarfin da ake so, kada kuma su wuce ninkinsa biyu.

Ka yi wa mazaunin eriya da soson shanye igiya na ƙasa alama da tef. Na taɓa gusar da soso guda, sai da na sake awon kaf.