Kakar da Olisadebe ya ci kofin gasar lig ta Poland

Malam, ka tambaya ko Emmanuel Olisadebe, ɗan wasan ƙwallon ƙafa haifaffen Najeriya, ya taɓa cin kofin gasar lig ta Poland kafin ya zama ɗan ƙasar. Ya ci, a kakar 1999/2000, tare da ƙungiyar Polonia Warsaw. Rabon ƙungiyar da wannan kofi tun 1946, ga kuma Legia, babbar abokiyar hamayyarsu, a gari ɗaya, don haka murnar ba ƙarama ba ce.

Kocinsa Jerzy Engel ya bar Polonia ya karɓi tawagar ƙasar Poland, Dariusz Wdowczyk ya ƙarasa aikin. A shekarar 2000 aka ba Olisadebe takardar zama ɗan ƙasa, ya zura ƙwallo 8 a wasannin neman gurbin kofin duniya na 2002. Har yau ina jin takaicin yadda Najeriya ta rasa shi.