Na'urar gano hayaƙi ta hana mu barci: batir za a canza ko sabuwa za a saya?

Tambaya: Na'urar gano hayaƙi da ke silin gidanmu haɗe take da wutar lantarkin gida, amma duk bayan minti ɗaya sai ta yi 'yar gajeriyar ƙara, musamman cikin dare. Ina ruwanta da batir tunda tana da wuta?

Amsa: Malam, tana da batir a ciki, na ko-ta-kwana ne don lokacin da aka ɗauke wuta, yawanci mai alamar 9V ko AA guda biyu. Ƙara ɗaya duk daƙiƙa 30 zuwa 60 alama ce ta batirin ya yi rauni. Ta fi damun mutane da dare ne saboda sanyin asuba yana ƙara rage wa tsohon batir ƙarfi. Sayi sabo irin wanda aka rubuta a jikinta, ban da mai caji, ka kuma tura murfin har ya kama sosai. Murfin da bai rufu ba ma yana sa ta ƙara.

In ka canza ba ta daina ba, to mai yiwuwa ragowar caji ne ya maƙale mata. Kashe makunnin layinta a akwatin rarraba wuta, ka murɗa ta hagu ta fito daga mazauninta, ka zare fulogin bayanta, ka cire batirin. Danna maɓallin gwaji ka riƙe kamar daƙiƙa 15 zuwa 20. Kafin ka mayar, zuƙe ƙurar ramukanta da injin shara, don ƙura da ƙananan ƙwari kan ruɗe ta. Mayar da komai, kunna wuta, ka duba koriyar fitilar ta kama, sannan ka gwada.

Wannan duka game da gajeriyar ƙara ne. Doguwa sau uku a jere tana maimaitawa, hayaƙi take faɗa: a fitar da kowa tukuna.

Tambayar wata Hajiya: Ni ma na yi duk wannan, har yanzu tana yi. In sayi sabuwa, wace iri?

Amsa: Hajiya, juya bayanta ki duba ranar da aka ƙera ta. In ta kai shekara 10, ta gama aiki, kuma babu batirin da zai rufe mata baki. Daga ranar ƙira ake lissafi, ba ranar saye ba, don haka ki duba ta sabuwar ma kafin ki biya.

Abin da ke ba mutane wahala shi ne fulogi. Na kowane kamfani daban yake, sannan akwai waya ta uku da ke haɗa na'urorin gidan domin in ɗaya ta ji hayaƙi duka su yi kuka. Cakuɗa na kamfanoni daban-daban kan kawo ƙarar ƙarya, ko su ƙi amsa wa juna. Shi ya sa muka fi son a canza su gaba ɗaya, na kamfani guda, tunda galibi tare aka saka su. In fulogin bai dace ba har sai an taɓa wayoyi, kira mai gyaran wuta.

Kusa da kicin, zaɓi mai gano hayaƙi ta hanyar haske (photoelectric), ba ta cika firgita da hayaƙin suya ba, a kuma nisanta ta da murhu aƙalla mita 3. Mai batirin litiyam na shekara 10 da ke rufe a ciki ta fi tsada, amma ta raba ki da hawa tsani duk shekara.