Dodon Koɗin Da Ya Dace Da Gilashin Tankin Ruwan Gishiri: Amsoshin Tambayoyinku

Tambaya: Malam, wata biyu ke nan da na kafa tankin kifin ruwan gishiri mai cin lita 200. Ko yau na goge gilashin, gobe sai in tarar da wani abu ruwan ƙasa kamar ƙura ya sake lulluɓe shi. An ce in sa dodon koɗi. Wane iri zan nema?

Amsa: Ɗan'uwa, kwantar da hankalinka, kusan kowane sabon tanki sai ya bi ta wannan matakin. Abin da kake gani wata ƙaramar gansakuka ce da ake kira dayatom. Da sinadarin silika take rayuwa, shi kuwa yana zuwa ne daga sabon yashi da ruwan famfo. Idan silikan ya ragu, ita ma sai ta ja baya da kanta.

Idan iri ɗaya tak za ka saya, to ka nemi Trochus. Bawonsa mai tsini ne kamar dala, sau da yawa da ratsin ja ko baƙi. Yana da wani harshe mai ɗauke da ƙananan haƙora jere-jere, da shi yake kankare gilashi da dutse, har za ka ga sawunsa a karkace a inda ya bi. Abin da ya sa na fifita shi kuwa shi ne, in ya faɗo ya kwanta rigingine, yana iya juya kansa ya miƙe. Kada ka raina wannan. Akwai wani mai kama da shi, Astraea, wanda ake kawowa daga tekun Karebiyan. Gwanin cin gansakuka ne, ba laifi, amma da ya suɓuce ya faɗa kan yashi a juye, yawanci ba ya iya tashi. Nan zai kwanta har kaguwa ko kifi su cinye shi, ko ya mutu ya ɓata maka ruwa. Wanda ya sayi Astraea ya ɗaukar wa kansa aikin leƙa tanki safe da yamma yana juya su da hannu.

Nerite ma yana son gilashi ƙwarai, kuma ƙarami ne, ba ya ture komai. Sai dai asalinsa ɗan gaɓar teku ne, inda ruwa ke cika yana janyewa, don haka fitowa daga ruwa ba baƙon abu ba ne a wurinsa. Tanki marar murfi ba nasa ba ne. Yana kuma manna fararen ƙwai ƙanana a gilashi da duwatsu, wanda wasu ba sa son gani. Sai Cerith, siriri mai dogon bawo. Da rana yakan shige yashi, da dare ya fito, kuma shi ne ke share gindin gilashi, daidai inda ya haɗu da yashi, wurin da abin goge gilashi ba ya kaiwa sai da haɗarin jan tsakuwa ta karce shi.

Tambaya: Mai shago ya ce a sa dodon koɗi ɗaya ga kowane galan na ruwa. Haka ne?

Amsa: Ban yarda da wannan lissafin ba, kuma ina ganin shi ne babban abin da ke halaka waɗannan halittu. Galan ɗaya na Amurka bai cika lita huɗu ba, ke nan tanki mai lita 200 zai ɗauki fiye da hamsin. Su ci me? Kamar ka kora garke guda cikin ɗan fegin ciyawa ne: cikin 'yan kwanaki sun share shi fes, ka yi murna, daga nan yunwa ta fara ɗaukarsu ɗaya bayan ɗaya. Kowace gawa kuma tana ruɓewa ta saki amoniya, ta koma naitaret, wato takin da gansakuka ke jira. Sai gilashi ya sake yin kore, mutum ya koma shago ya ƙaro wasu.

A tanki irin wannan, ka fara da Trochus biyar ko shida da Cerith kaɗan. Ka ba su mako biyu ko uku. In har gansakuka ta fi ƙarfinsu, ka ƙara biyu ko uku. In kuma gilashi da duwatsu sun yi tas, ka riƙa ɗaura musu ɗan busasshen ganyen teku da ake kira nori a jikin dutse, wanda ba a sa wa gishiri ko mai ba.

Tambaya: Na sayo guda takwas, kafin mako ya cika biyar sun mutu, alhali kifayena lafiyarsu ƙalau. Me ya faru?

Amsa: Hajiya, sannu da hasara. Lafiyar kifi ba ta nuna cewa ruwa ya yi wa dodon koɗi daidai, domin ya fi kifi rauni nesa ba kusa ba. Tambayar farko: kin taɓa sa maganin kifi mai sinadarin jan ƙarfe a tankin? Shi wannan guba ne ga dodon koɗi da jatan lande da murjani (halittar teku mai rai da ake kiwo a tanki), kuma duwatsu da yashi suna shanye shi su riƙa sakinsa sannu a hankali bayan an daina magani.

Na biyu, yadda aka zuba su. Gishirin ruwan ledar shago da na tankinki ba lallai su zo ɗaya ba, kuma sauyin gishiri farat ɗaya yana yi musu illar da sai bayan kwanaki take bayyana. Ki juye su da ruwansu cikin roba, ki ja siririn tiyo daga tanki yana ɗiga a hankali na kimanin awa ɗaya, sannan ki ɗauke su da hannu ki ajiye a kan dutse, ki zubar da ruwan shagon. Ma'aunin nauyin gishiri ya tsaya tsakanin 1.025 da 1.026, zafin ruwa kuma digiri 24 zuwa 26 a ma'aunin Salshiyas. Sinadarin kalsiyam ya kasance wajen miligiram 400 zuwa 450 a kowace lita, don da shi suke gina bawo.

Ki kuma tuna sunan da aka sayar miki da su. Wanda ake kira Margarita daga ruwa mai sanyi yake, zafin tankin murjani yana gajarta masa kwana ko da an kula da shi yadda ya kamata. Ina roƙon masu kiwo su daina sayensa. Sannan ki duba maƙwabtansu: kaguwar nan mai zama cikin bawon wani takan kashe dodon koɗi don ta gaje gidansa, shi ya sa ake watsa mata bawo marar kowa iri-iri. Kifin nan mai kumbura kuwa, dodon koɗi abincinsa ne. Wanda kika yi shakkar ko ya mutu, ki ciro ki sansana. Warin ba ya ɓuya.

Tambaya: Dodon koɗina irin Nassarius ba sa hawa gilashi, kullum suna cikin yashi. Ba su da lafiya ne?

Amsa: Lafiyarsu lau. Su dai ba masu cin gansakuka ba ne. Ragowar abincin kifi da mushe suke ci, kuma suna motsa yashi. Suna da amfani, amma ba don gilashi ba.

Tambaya: Tawa matsalar gansakuka ce doguwa kamar gashi, da wasu tabo masu tauri launin hoda da shuɗi-ja a gilashi.

Amsa: Cinye mai gashin nan aikin dodon koɗin Turbo ne, babban nan da ake samowa daga mashigin tekun Kalifoniya a Meziko. Yana da ci, amma ƙato ne, yana ture murjanin da ba a manne da gam ba, kuma bai cika jure ruwa mai zafi ba. Ɗaya ko biyu sun isa. Ka fara tsige dogayen da hannu, domin gajera suka fi iya kankarewa. Ka rage abincin kifi, ka taƙaita fitila zuwa awa 8 ko 9, ka haɗa gishiri da tataccen ruwa maimakon na famfo, ka kuma auna fosfet da naitaret, dukansu takin gansakuka ne. In ba a rage waɗannan ba, tsirowar za ta ci gaba da fin cin yawa.

Tabon masu tauri kuwa gansakuka ce mai alli a jiki, alamar ruwa mai kyau ce ma, kuma dodon koɗi ba zai cire maka ita ba. A gilashin gaba ka sa reza a kwance ka kankare. In tankin na roba mai kama da gilashi ne, reza za ta karce shi, sai ka yi amfani da makankarin roba. Gilashin baya ka bar shi yadda yake, su samu wurin kiwo.