Ku Tambaya Mu Amsa: Malamai tsakanin aji, gida da lafiyar jiki

Tambaya: Assalamu alaikum Anti. Ni malamar firamare ce a makarantar gwamnati, shekarata 39, ina da yara huɗu, babbar tana aji biyu na ƙaramar sakandare. Ina tashi tun kafin kiran sallar farko in ɗora abin kari, in shirya yara, in fita neman adaidaita sahu, domin duk wanda ya makara ana ja masa jan layi a rajistar malamai. Ɗaliban ajina sun haura tamanin. Idan na dawo gida sai girkin rana, sai kora yara Islamiyya, sai tuwon dare, bayan isha'i kuma in zauna ina makin littattafan ɗalibai har barci ya sace ni a kansu. Wata uku ke nan ina fama da ciwon kai a ƙeya, wani lokaci har da jiri, in sayi magani a kemis in sha, ya lafa ya dawo. Na zama mai saurin fushi, abin da ɗan aji ya yi mini da safe a kan 'ya'yana nake hucewa da yamma. Maigidana mutumin kirki ne, amma ya ce idan aikin ya fi ƙarfina in ajiye, alhali da albashin nan nake zubin adashi da biyan kuɗin makarantar yara biyu. Anti, in ajiye ne ko in daure? (Malama, daga Wudil)

Amsa: Wa'alaikumus salam Malama, Allah ya ba ki lafiya. Kin ba ni zaɓi biyu, ajiyewa ko daurewa, ni kuwa ban ga ya kamata a yanke ko ɗaya a yau ba, domin akwai abin da ya riga su, wato ciwon kan nan da kika yi wata uku kina lallaɓawa da maganin kemis. A cikin wannan makon ki je asibiti a auna jininki, kuma kada ki tsaya a awo ɗaya. Likitoci suna kiran abu hawan jini idan awo ya kai 140 bisa 90 ko ya wuce haka a ranaku daban-daban, kuma mugun halin wannan ciwo shi ne yakan yi shekaru a jiki ba tare da wata alama ba, saboda haka ciwon kai ba ya tabbatar da shi, rashin ciwon kai kuma ba ya kore shi, na'ura ce kawai take faɗa. Ki roƙi a duba yawan jininki da sukari, sannan a gwada idonki, domin a kusa da shekara arba'in ne ganin kusa yake fara raguwa, kuma wadda take bin rubutun yaran firamare da hasken cocila tana iya samun ciwon kan da tabarau kawai zai raba ta da shi. Akwai kuma wani dalili da malamai mata ba su cika faɗa ba: da yawansu suna ƙin shan ruwa tun safe har a tashi saboda makarantar ba ta da makewayi mai kyau, ƙishirwa kuwa tana kawo ciwon kai da jiri.

Maganin kemis ɗin ma abin dubawa ne. Irin su diclofenac da ibuprofen, waɗanda akan zuba a cikin haɗin maganin gajiya, suna iya ƙara hawan jini, su tayar da gyambon ciki, su taɓa ƙoda idan aka daɗe ana sha. Ko farasitamol, wanda ake gani kamar ba komai ba, idan mutum yana shan sa kwana 15 ko fiye a wata yana iya zama shi ne mai dawo da ciwon kan. Idan kuma ciwon ya taso farat ɗaya da tsananin da ba ki taɓa ji ba, ko kika ji ɓarin jiki ya yi nauyi, ko baki ya karkace, ko magana ta sarƙe, to wannan ba na jiran gobe ba ne, a tafi asibiti a lokacin. Ki duba takardar albashinki, idan ana cire miki kuɗin taimakekeniyar lafiya ta hukumar KSCHMA ta jihar Kano, ki nemi katinki ki yi amfani da shi, domin kuɗinki ne.

Sai batun littattafan da kike kwasowa gida, kuma a nan zan ɗan tsaya. Manufar ilimi ta ƙasa ta tsara malami ɗaya ga ɗalibai 35 a firamare, ke kuwa kina riƙe da fiye da ninkin haka, amma kina ƙoƙarin yin maki irin wanda aka koya miki a kwalejin ilimi domin aji mai yara 35. Wannan lissafi ba zai taɓa fita ba, kuma giɓin daga barcinki ake cike shi. Aikin lissafi da shifta da cike gurbi, yara su yi musayar littattafai a aji, ki rubuta amsa a allo su yi wa juna maki kina zagayawa, wannan ma koyarwa ce, domin yaro yana ganin kuskurensa tun bai manta yadda ya yi shi ba. Aikin da yake buƙatar idonki, kamar insha'i da rubutun hannu, ki raba ajin gida biyar, kowace rana ki duba na rukuni ɗaya da kyau a lokacin tara ko lokacin da ba ki da darasi, ta yadda littafin kowane yaro zai ratsa hannunki sau ɗaya a mako. Shirin darasi na mako ki yi shi a zama ɗaya, kuma ki adana na bana domin baɗi gyara kawai zai buƙata. Na san akwai shugabannin makarantu da suke auna ƙwazon malami da yawan jan biro a littafi, amma idan kika kai wa hedimasta wannan tsari a rubuce tun kafin ki fara, da wuya ya ƙi, shi ma ya san yawan yaran da ya ba ki. Ban da makon jarabawa da cike sakamako, littafin ɗalibi ya kwana a makaranta.

A gida kuma, daga wasiƙarki na fahimci cewa kin fita aiki amma aikin gida bai ragu da ko cokali ɗaya ba. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Yarinyar da take aji biyu na ƙaramar sakandare ta isa dama koko da ɗumame, kuma ƙannenta, har da maza, sun isa shara da wanke-wanke da haɗa jakunkunansu tun da dare. Ki kula kada nauyin duka ya koma kan babbar don ita ce mace, in ba haka ba kin sauke kayanki ne a kan karatunta. Ranar Asabar ki soya kayan miya mai yawa, ki tanadi dakakkiyar kuka da busasshiyar kuɓewa, abubuwan da ba ruwansu da ɗauke wuta. Ki rage gishiri da dunƙule tun yanzu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babba ya wuce giram 5 na gishiri a yini, kimanin ƙaramin cokalin shayi ɗaya, kuma gishirin da yake cikin dunƙule yana cikin lissafin.

Game da maigida, ina zaton kukan gajiya kika kai masa a dunƙule, shi kuma ya ba ki amsa a dunƙule. Ki sami lokacin da hankalinsa yake kwance, ki faɗa masa abin da likita ya gani, sannan ki roƙi abubuwa biyu ko uku da suna: ya riƙa kai yara makaranta da safe, ya zauna da su a kan aikin gida da hadda bayan magariba, cefane ya zama na mako maimakon na kullum. Namiji ya fi iya amsa roƙon da ya san farkonsa da ƙarshensa. Ba kuma abin kunya kike nema ba, domin Bukhari ya ruwaito cewa da aka tambayi Nana A'isha abin da Manzon Allah (SAW) yake yi a gida, ta ce yana cikin hidimar iyalinsa, idan lokacin salla ya yi ya fita. Fushin da kike hucewa a kan yara kuwa yawancinsa bashin barci ne. Babba yana buƙatar aƙalla awa bakwai, kuma idan kika mai da ƙailular rabin awa bayan azahar doka a gidan, wadda kowa ya san ba a buga miki ƙofa a cikinta, za ki ga bambanci.

Ajiye aiki ba laifi ba ne, amma tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 gidaje kaɗan ne suke tsayawa da albashi ɗaya, kuma aikin gwamnati idan ya fita daga hannu dawo da shi yana da wuya. Kafin nan akwai hutun rashin lafiya da takardar likita, akwai kuma neman sauyi zuwa makarantar da ta fi kusa da gida ta ofishin sakataren ilimi na ƙaramar hukuma. Ki gwada waɗannan na zango ɗaya. Idan bayan haka jikin bai karɓa ba, ku zauna ke da maigida cikin hutu, da takarda da biro, ku yanke shawara.

Tambaya: Anti, barka da aiki. Ni malamin lissafi ne. Da safe ina makarantar gwamnati, da yamma ina wata mai zaman kanta, da dare kuma ina yi wa 'yan aji shida lesin. Tun shigowar hunturu muryata ta dushe, yau fiye da wata guda, na sha zuma da citta ba ta buɗe ba. Uwargida kuma tana ƙorafin cewa yara ba sa ganina sai ranar Lahadi. Ina mafita? (Malam, daga Zariya)

Amsa: Malam, sannu da ƙoƙari. Dushewar murya da ta wuce mako uku ta wuce ta mura, tana buƙatar likitan kunne da hanci da maƙogwaro ya leƙa ya gani, balle idan kana shan taba ko kana jin wahalar haɗiya. Kana kusa da Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, akwai kuma cibiyar kula da kunne ta ƙasa a Kaduna. Abin da ya fi samun malamai shi ne tantanin murya guda biyu da suke cikin maƙogwaro, waɗanda suke kaɗawa fiye da sau ɗari a daƙiƙa idan namiji yana magana, su kumbura ko su yi ɗan ƙululu saboda yawan ɗaga murya. Zuma tana sanyaya maƙoshi, amma hanyar abinci take bi, ba ta taɓa tantanin, shi ya sa ba ka ga canji ba. Abin da yake taimako shi ne yawan kurɓar ruwa, da hutun magana tsakanin darasi da darasi, da jiƙa dasta kafin goge allo saboda ƙurar alli, da barin yawan gyaran murya. Kada ka koma raɗa da nufin hutawa, raɗa ma tana wahalar da tantanin. Idan aji ya ɗauki surutu ka buga tebur ka yi shiru har su natsu, maimakon ka yi gasar murya da yara saba'in. Ƙaramar lasifika mai caji, irin ta masu talla, ba ta kai kuɗin jinya ba. Sannan mai dawowa gida da dare ya ci tuwo mai nauyi ya kwanta nan take yana iya samun ruwan ciki mai tsami yana tasowa har maƙogwaro, wannan ma yana dusar da murya.

Ƙorafin uwargida gaskiya ne, kuma maganinsa ɗaya da na muryar. Ka zauna ka cire kuɗin mai ko na mota daga abin da lesin ɗin dare yake kawowa, ka ga abin da ya rage. Idan ba za ka iya barinsa ba, ka haɗe ɗaliban a dare uku, sauran darare ka ci abinci da yaranka ka buɗe littattafansu. Abin takaici ne a ce ɗan malamin lissafi yana faɗuwa a lissafi uban bai sani ba sai ranar karɓar sakamako.

Tambaya: Anti, ina koyarwa a makaranta mai zaman kanta, hutun haihuwata ya kusa ƙarewa, jaririna yana da wata biyu da rabi. Surukata ta ce in fara ba shi ruwa da koko tunda zan riƙa barinsa. Ya zan yi? (Maijego, daga Gusau)

Amsa: Ƙanwata, Allah ya raya. Shawarar likitoci ita ce nono zalla har wata shida, ba ruwa ba koko, domin nonon kansa yawancinsa ruwa ne, cikin jariri kuma bai yi ƙwarin karɓar koko ba. Ki fara koyon tatsa tun yanzu, a kofi mai murfi da aka wanke aka tafasa. Nonon da aka tatsa yana kai awa huɗu a ɗaki mai sanyi-sanyi, a zafin bazara kuwa a ba shi da wuri, a firji mai tsayayyiyar wuta yana kwana uku zuwa huɗu. A ɗumama shi ta hanyar tsoma kofin a ruwan ɗumi, a ba shi da ƙaramin kofi ko cokali. Dokar Ƙwadago ta tanadi hutun mako 12 da kuma rabin awa sau biyu a yini domin shayarwa, ma'aikatan tarayya suna samun mako 16, jihar Kaduna kuma ta mai da na ma'aikatanta wata shida tun 2019. Ki duba abin da takardar ɗaukarki aiki ta ce, sannan ki rubuta wa mai makarantar kina neman a jera miki darussanki da safe ko a bari a riƙa kawo miki shi lokacin tara. Hajiya kuwa kada ki yi jayayya da ita. Ki roƙe ta ta raka ki ranar rigakafi na gaba, ta ji bayanin daga bakin ma'aikaciyar jinya, tunda ita ce za ta riƙe kofin idan kin fita.